Saniyar Gwaggo da Famfon Tarakta

Mijinyawa mutumin Kutama ne, kuma kowa ya shaide shi da kirki da ƙwazo. Aibinsa ɗaya ne: gajen haƙuri. Irin mutanen nan ne da in sun dasa rogo da safe, da yamma sai sun tona sun ga ko ya yi saiwa. Kakanninsa makiyaya ne, amma shekarun tsuke bakin aljihu sun cinye garken gidansu, 'yan shanun da suka rage kuma ya sayar ya sayi tsohuwar tarakta yana yi wa mutane huɗa har Gude da Gammo. Saura saniya ɗaya tak, fara, mai suna Yelwa. Ita Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, take tatsa kowace safiya. Takan ce muddin Yelwa na ɗaure a turke, ba a isa a ce shanun gidansu sun ƙare ba.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ruwan shuka na sauka taraktar ta soma sanyin hannu. In ya ja liba, garmar sai ta taso da ƙyar, tana karkarwa, ta tsaya a rabi, famfon haidurolik yana wani irin kuka. Ya garzaya Gwarzo wurin Dung, bakaniken nan ɗan Filato da ya fi shekara goma yana duba masa ita. Ya tarar da shi yana ɗaure kaya. Jita-jitar ɓarkewar rikici ta yi yawa a gari, hankalin matarsa Nanret ya ƙi kwanciya, zai kai ta gida Filato ita da yara.

Dung ya saurare shi tsaf. Ya ce irin wannan ciwo daga ƙasa ake fara bin sa: a duba yawan mai, a duba launinsa, sannan a ciro rariyar da take tace shi kafin ya isa famfo. Famfo shi ne na ƙarshe da ake zargi.

"Malam Mijinyawa, kwana huɗu kawai zan yi. Kada ka bari kowa ya taɓa famfon nan sai na dawo."

Kwana huɗu ga Mijinyawa ai shekara ce! Ƙasa ta jiƙa, masu gonaki sai sintiri suke yi a ƙofar gidansa. A majalisa wani ya ce wanda ya kwashe iyali ba dawowa zai yi ba. Wani direban babbar motar nan roka kuma ya saurari kukan, ya ce shakka babu famfo ne ya mutu. Mijinyawa bawan Allah ko zaro sandar gwajin mai bai yi ba, ya hau ya zauna. Ga sabon famfo da ɗan karen tsada, ga shi ba abin da zai ɗaga sai Yelwa.

Gwaggo ba ta yi hayaniya ba. Ta dai riƙe igiyar saniyar ta ce, "Ɗan nan, ƙarfe ba ya haihuwa. Ka jira mutumin nan." Ya yi ta rantsuwa cewa da kaka zai sayo mata biyu.

"Za ka sayo shanu," in ji ta, "amma ba za ka sayo wannan ba." Ta sakar masa igiyar.

Ya kai Yelwa kasuwa wani dillali ya sayar masa, ya wuce Kano ya sayo famfo, aka ɗaura. Ya ja liba. Garmar ta yi karkarwarta ta jiya, ta tsaya a rabi.

Rana ta huɗu da hantsi sai ga Dung a kan babur, kamar yadda ya yi alkawari. Ya ga sabon famfo yana ƙyalli. Ya zaro sandar mai, sai ga man fari-fari kamar kunun kanwa, ruwa ya shige shi. Ya kwanto rariyar, ta toshe maƙil da laka da ƙaiƙayi. Ya wanke ta da kananzir, ya zubar da man, ya zuba sabo. Ana jan liba garmar ta miƙe sama ba gardama. Mijinyawa ya miƙo masa tsohon famfon, ya ce ya duba. Dung ya jujjuya shi, sannan ya ce lafiyarsa ƙalau.

Da gudu Mijinyawa ya nemi dillalin. Aka ce ai tun shekaranjiya aka loda Yelwa a tirela zuwa Kudu.

Da ya shiga gida ya iske Gwaggo ta wanke ƙwaryar tatsa ta kife a kan rumbu. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tambaye shi kawai ko taraktar ta warke, ya ce ta warke, ta ce to alhamdu lillahi. Wallahi da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi, nan ya durƙusa yana share hawaye. Damina ta yi kyau, da kaka ya cika alkawari ya sayo karsana biyu. Gwaggo tana ba su dusa, tana kai musu ruwa, amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta raɗa wa ko ɗaya suna ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, matsala daga ƙaramin dalili ake fara bincikenta kafin a zargi babba, kuma maganar wanda ya san aiki ta fi ta 'yan majalisa. Gaggawa takan sa mutum ya ba da abin da ba ya sayuwa don gyara abin da bai lalace ba. Jiran kwana huɗu yana da ɗaci, amma bai kai nadamar da ba ta da ranar ƙarewa ba.