Dawar Kura a Rumbun Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!
Ta zo, muna saurare.

Bushiya ce mai tsaron rumbun da dabbobi ke ajiya. Ran nan Kura ta kawo dawa, ta ce, "Zuba mini, ƙanwata."

Bushiya ta san in dawar nan ta gauraya da ta jama'a, ta wanku ke nan, ba mai gane asalinta. Ta ce, "Yaya Kura, ba kya noma. Ina kika samo?"

"Fata na sayar."

"Fatar wa?"

Kura ta washe haƙora. "Mai ajiya ba ya tambaya!"

Ga Akuya can gefe, tun jiya take cigiyar ɗanta. Bushiya ta dubi Akuya, ta rufe rumbu, ta ce wa Kura, "Wanda ya karɓa bai tambaya ba, da shi aka yi fiɗar."

Ƙurunƙus kan ɓera, tatsuniya ta koma daji.