Yawun Baba Jatau

Ku gyara zama. Wannan ba a bakin kowa za ku ji ta daidai ba sai a bakina, kuma wanda ya katse ni shi zai fara yanke hukunci.

A Zangon Kumasi akwai wani tsoho mai sayar da goro, Baba Jatau. Ubansa farke ne da ya bar gida bayan rigima da 'yan'uwansa, ya rasu Jatau yana ƙarami, bai taɓa faɗin sunan garinsu ba. In an yi faɗa a kasuwa sai a ce wa Jatau, "Kai ɗan ina ne ma?" Da tsufa ya kama shi, sai ya ce ba abin da yake roƙo illa ya ga jininsa kafin a kai shi kushewa. Jikokinsa uku suka ce sun ɗauka.

Ta farko Ladidi, ma'aikaciyar jinya. Ita ta gano wata ƙungiya ta jikokin fataken goro, masu gwada yawun mazan cikinsu a ɗakin bincike don a san wa ya haɗa kaka da wa. Ta sa sunan Baba, aka aiko da 'yar kwalba. Ba don ita ba, da ba wanda ya san ana tambayar yawu asali.

Amma Baba ya ce atafau. "Yawuna a kwalba? Ki kai wa wane boka?" Ko da ya yarda ma, bakinsa ba ya rabo da goro, gwajin kuwa ba ya son baki ja.

Nan na biyu ya shigo, Gambo, shaƙiyyin gidan. Ya jira har azumi ya kama. Ran nan da azahar ya zauna kusa da tsohon ya ce, "Tsoho, an ce ka bushe. Wai ko wannan 'yar kwalbar ba ka iya cikawa."

"Wa ya faɗa?"

"Kishiyarka a kasuwa, Ɗan'azumi."

"Miƙo nan, ja'iri. In cika ta in cika kakarta."

Ya cika ta fal, baki fes ba ɗigon goro. Ba don Gambo ba, da kwalbar na nan wayam.

Sakamako ya nuna Baba ya haɗa kaka da wani saurayi a Kano, wanda ya ce kakanninsa na wani ƙauye a ƙasar Kura. Aka buga waya, dattawan gidan suka ƙi. Babbansu, Malam Barau, ya ce su ba a shiga zuri'arsu da tofi.

Sai na uku, Sallau, wanda ke taya Baba sana'a, ya hau mota har ƙauyen. Aka ba shi ruwa, aka hana shi magana. Bai yi musu ba. Ya kwance huhun goron da ya kai tsaraba, ya raba, sannan ya sake ɗaure ragowar yadda Baba ya koya masa, yadda shi ma Baba ya gani a hannun ubansa: igiya ta bi ta hagu, ƙulli ya ɓuya a ƙarƙashin ganye. Malam Barau ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, sake in gani." Ya sake. Tsohon ya ce, "Wannan ɗaurin gidanmu ne. Ƙanen ubana ya tafi da shi Gwanja bai dawo ba." Ba don Sallau ba, da sakamakon ya tsaya a waya.

Aka kawo Baba Jatau. Tsofaffin biyu suka zauna a tabarma ɗaya, hanci iri ɗaya, taurin kai iri ɗaya. Malam Barau ya kai shi bayan gari ya nuna masa wata gona mai rijiya, rabon uban Jatau, da aka yi ta nomawa ana jiran mai ita.

Baba ya ce ƙarfin noma ya wuce shi, jika ɗaya zai ba, kuma gonar da ta yi wannan jira ba za a yanka ta uku ba.

To, ga Ladidi da ta samo hanya, ga Gambo da ya samo yawu, ga Sallau da ya buɗe ƙofa. Wa za a ba gonar?