Gashin Bakin Sarki Zarmaƙu

Shekarau ɗan Nomau, jikan Barau mai ƙoshiya, masaƙi ne ɗan masaƙa, wanda bai taɓa yanke zare ba sai ya auna shi sau biyu. Shekara bakwai ya yi yana ratsa tekuna masu tafasa da duwatsu masu numfashi, yana neman tozalin da zai buɗe idon mahaifiyarsa Tabawa makauniya, har Allah ya kai shi Birnin Murjani, fadar Zarmaƙu sarkin jajayen aljannu, tsoho mai kwarjini da haiba, mai gashin bakin da ake naɗawa jikin ganuwar gari kamar zare a kwarkwaro. Sarki ya tausaya masa ya ba shi tozalin, amma aka gargaɗe shi cewa bayan kwana uku toka zai koma.

To, daga birnin zuwa ƙofar Tabawa kilomita miliyan sittin ne cif. Aka kirawo Hargitsau, baƙin aljani mai fiffike dubu, don ya kai shi. Shi kuwa gogan bai san wata aba kilomita ba. A ƙasarsu da gashin bakin sarki ake awon tafiya, gwargwadon tsawonsa a ranar, kuma inda ƙidaya ta ƙare nan yake sakin abin da ya ɗauko, ko a tudu ko a tsakiyar sararin sama.

Waziri ya buɗe tsohon littafin awo ya ce, "Ranka ya daɗe, zagayen ganuwa kilomita dubu ne, gashin baki ya naɗe ta sau uku, dubu uku ke nan. Gashin baki dubu ashirin zai kai baƙo gida."

Shekarau ya gane akwai kuskure a lissafin. Hannun masaƙi ba ya wuce zare bai shafa ba, kuma da zai shigo gari naɗi biyu ya taɓa. Tsufa ya cinye ɗayan, fadawa duk sun sani, tausayi ne ya rufe musu baki. Shi ma wallahi tsohon ya ba shi tausayi, amma in ya yi shiru, za a sake shi saura kilomita miliyan ashirin ya isa gida.

Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni ban san littafi ba, zare na sani. Naɗi biyu ne a ganuwa. A ba ni dubu talatin, tsohuwata tana jirana."

Sarki ya daɗe yana shafa gashin bakinsa, sannan hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Ashe abin da ya hana manzannina tara dawowa ke nan? Kun ji tausayin gashina, kun zubar mini da bayi a sarari!" Nan take ya sa a bazama nemansu, ya gyara littafin da hannunsa, ya ce wa Hargitsau, "Dubu talatin, kada ka rage ko sili ɗaya."

Da hantsin rana ta uku Shekarau ya dira a ƙofar gida, ya zizara wa tsohuwa tozalin. Tabawa ta buɗe ido, ta yi wa Allah godiya, ta ƙura wa ɗanta ido har ya fara kuka. Sai ta kama fuskarsa ta ce, "Kai Shekarau, wannan uban gashin baki fa? Can ƙasar babu wanzamai ne?"