Kunkurun da Aka Huda wa Baya

Akwai wani mai shagon takin zamani a wani ƙauye kusa da Bici, sunansa Kamaruddeen. Ba ya rowa ga iyalinsa, wannan kam a ba shi. Amma ba a gaya masa magana. Kafin ka rufe baki ya ce maka ya sani.

'Yarsa Muhsina, mai shekara bakwai, ita ce sanyin idonsa. Kullum da yamma in ta ji ƙarar babur ɗinsa, da gudu take fitowa zaure ba ko takalmi, ta karɓi ledar hannunsa. Duk gajiyar kasuwa a nan take sauka.

Wata rana ta ga ɗan kunkuru a gidan maƙwabcinsu Abdulhadi, yara suna ba shi ganyen rama. Shi ke nan, ta hana uban sakat: "Baba, ni ma kunkuru!"

Da ranar kasuwar Ɗambatta ta zo, matarsa Kaltume ta lallaɓa shi ya tafi da Kawu Dabo, ƙanin mahaifiyarsa, tsohon manomin da ya shekara talatin da kunkuru a gidansa.

A wurin wani maharbi suka tarar da ƙanana uku a kwando, kowanne bai wuce tafin hannu ba, ga kuma wani ƙato a gefe kamar akushi.

Kawu Dabo ya tsuguna ya ɗaga ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗauki wannan. Idonsa garau, hancinsa a bushe, ga nauyi a hannu. Ƙarami shi ne na yara, tare za su saba. Ka kewaye masa lungu mai inuwa, ka zuba masa ruwa a kasko, an gama."

"Wancan babban fa?"

"A daji ya girma, ba zai zauna ba. Haƙa zai yi ta yi yana neman hanya."

Kamaruddeen ya yi dariya. "Haba Kawu! Na Abdulhadi ma ya fi wannan ɗan mitsitsin. 'Yata ce za ta riƙe abin da bai kai na maƙwabci ba? In ya ce zai gudu, ai akwai ƙusa."

"Kamaru, kada ka huda shi. Ƙoƙon bayan nan jikinsa ne, yana ji."

"Kawu, kowa haka yake yi."

Ku ji fa, jama'a! Ka goyo tsoho a babur tun daga gida don shawara, sannan ka yi masa dariya a tsakiyar kasuwa. Ƙaton ya ɗauka.

Muhsina kamar ta taka rawa. Ta raɗa masa suna Malam Sannu, ta riƙa tsinko masa rama da ganyen kabewa. Amma kwana uku kacal ya haƙe ƙarƙashin katanga ya fice. A gonar gero Abdulhadi ya tsince shi, ya kawo shi yana dariya.

Dariyar nan ce ta ƙona wa Kamaruddeen rai. Ya ɗauko doguwar ƙusa ya cusa a garwashin murhu har ta yi ja. Ya take kunkurun da ƙafa, ya dasa masa ita a gefen ƙoƙon baya.

Wallahi ko tunawa ba na so. Ƙauri ya tashi. Kunkurun ya yi huci, yana ta yaƙushin ƙasa da ƙafafu. Sai ga jini.

Muhsina ta riƙe rigar uban. "Baba, jini! Baba, ka bari!"

"Ke, matsa! Ƙashi ne, ba ya ji."

Ya zura wayar ƙarfe a hudar, ya ɗaure shi a turken akuya, a tsakiyar gida inda rana ke dukan ƙasa tun hantsi har la'asar. Kaltume ta roƙe shi a mayar da shi inuwa. Ya ce a nan ne idon kowa zai riƙa ganinsa, kuma kada wanda ya kwance.

Malam Sannu ya daina cin abinci. Wurin ya ruɓe, ƙudaje suka yi masa caa. Muhsina in ta dawo daga makaranta sai ta tsuguna ta riƙe masa faifai a kai don inuwa, har hannunta ya sage. Yarinya 'yar shekara bakwai ta fi ubanta tausayi, abin kunya!

Da abin ya ishi Kaltume, ta aika wa Kawu Dabo. Ya zo ya kwance wayar, ya wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ya girgiza kai ya ce an makara. A rana ta tara kunkurun ya mutu.

Muhsina ba ta yi ihu ba. Ita da tsohon suka binne shi a bayan rumbu.

Da yamma babur ya tsaya a ƙofar gida. Zaure shiru. Kamaruddeen ya daɗe a tsaye da leda a hannu. Washegari ma haka. Mako guda ma haka. Tana gaishe shi da ladabi, amma daga nesa.

Abin ya dame shi ƙwarai. Ya koma Ɗambatta shi kaɗai, ya tsuguna gaban kwando, ya duba ido, ya duba hanci, ya auna nauyi, yadda Kawu ya nuna masa. Ya kawo ƙaramin a kwali.

"Muhsina, zo ki gani. Naki ne."

Ta leƙa, sai ta mayar da hannayenta baya.

"Baba, ka kai shi gidan Kaka Dabo."

"Don me? Ba kya son sa?"

"Ina son sa. Shi ya sa. A can ba a gasa ƙusa."

Da hannunsa ya ɗauki kwalin ya kai.

Har yau kunkurun yana can, lafiyarsa lau. Kuma duk yamma, lokacin da babur ke tsayawa a ƙofar gida, Muhsina tana gidan Kaka Dabo tana ba shi rama.

Darasi: In za ka kawo wa yara dabba, ka zaɓi wadda za su iya, ba wadda za ka yi wa maƙwabci taƙama da ita ba, kuma ka ji maganar wanda ya riga ka kiwo. Duk abin da kake yi wa marar baki, 'ya'yanka suna kallo, ba kuma sa mantawa. Ku tura wa iyaye, ko Allah zai sa wani ya ajiye ƙusarsa.