Gurbin Gwamma a Hoton Anaruwa

Tun zamanin da mahara ke sa mutane su bar tuwo a tukunya su gudu, an yi wani maharbi ana ce masa Anaruwa, domin an haife shi ana tsuga ruwan sama. Mutumin gangare ne, daga ƙauyukan bakin kogi, amma farauta ta hau da shi kan tudun nan namu, wanda a lokacin ko makiyayi ba ya yarda ya yada zango a kansa. Wanda bai taɓa hawowa ba ba zai gane irin wurin ba. Fili ne shimfiɗe iya ganinka, ciyawa gajera, baƙaƙen duwatsu a warwatse, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga gajimare da ke saukowa ya zauna a ƙasa har hantsi. Akwai wuraren da ciyawa ke rufe laka, in ka taka sai ka nutse har gwiwa. Itace kuwa sai ka sha tafiya kafin ka ga guda, shi ma a karkace.

Nama yana nan jingim, gwanki da kanki da gada, sai dai babu mai samunsu, tunda babu abin da maharbi zai laɓe a bayansa. Anaruwa kaɗai ke hawa ya sauko da kaya niƙi-niƙi. Sirrinsa wata layar zana ce da maigidansa a farauta ya ɗaura masa a damtsen hagu tun yana saurayi. Aikinta shi ne, in mai ita ya tsaya cik bai motsa ba, sai ya ɓace wa ido, da ya motsa kuma sai ya bayyana. Tana da sharaɗi mai tsauri. Ba ta taɓa ƙasa, ba a rataye ta, dole kullum tana jikin mai rai. In kuma mutum ya kwance ta ya ba wani, to ta bar shi ke nan har abada. Saboda ita ne maroƙa ke yi masa kirari: "Anaruwa na tudu, dutse mai numfashi! A gan ka a tafe, a rasa ka a tsaye!"

A shekarar da aka ƙone ƙauyukan gangare, wasu mutane suka gudo kan tudu, ba su san hanya ba, ba su san inda ruwa yake ba. A cikinsu akwai wata budurwa maginiyar tukwane, sunanta Gwamma, mai kazar-kazar, wadda bakinta ba ya mutuwa. Ita ta ɗauki tulu ta shiga nema har ta dace da wani idon ruwa a gindin dutse. Ashe Anaruwa na durƙushe a wurin tun safe yana dakon gwanki. Ta cika tulunta, ta juyo, ta yi tuntuɓe da abin da ba ta gani ba. Tulu ya tarwatse, sai ga ƙato ya bayyana yana dafe da haƙarƙari.

Ta ce, "Kai wane irin mutum ne, za ka tare hanya ba ko gyaran murya?"

Ya ce, "Baiwar Allah, ni fa kika taka."

Ta ce, "Na taka ɗin. Mutanenmu na can ƙishirwa na neman kashe su, kai kana nan kana wasan ɓuya da gemunka."

Tun da yake babu wanda ya taɓa yi masa tsawa haka, sai abin ya burge shi. Ya cika salkarsa da ruwa, ya saɓa cinyar kanki, ya bi ta. Shi ya nuna wa mutanen nan hanyoyin da ake bi tsakanin laka, ya nuna musu inda acca da rizga za su yi, suka gina ɗakuna da dutse suka yi musu jinka mai kauri. Kafin damina ta zagayo ya auri Gwamma, wurin kuma aka riƙa ce masa Gidan Anaruwa, sunan da yake amsawa har yau.

Mahara sun taɓa biyo sawu sau ɗaya. Hanyar hawowa ta bi ta wani matsi tsakanin duwatsu, inda mutum ɗaya ke iya wucewa. Anaruwa ya je ya tsaya a nan, ko baka bai ɗauka ba. Duk wanda ya kawo kai sai ya ji saukar mari, ya waiga bai ga kowa ba. Da na gaba suka sha, na baya ba su tsaya jiran nasu ba, suka gangara suna rantsuwa cewa tudun na aljanu ne. Daga ranar mutane suka ɗauki layar a matsayin ganuwar gari, shi ya sa har yanzu ba za ka ga ko kufan ganuwa a ƙauyenmu ba.

To, amma abin da ya zama rufin asiri ga gari, a cikin gida wahala ce. Anaruwa in yana tafiya ko yana magana kowa na ganinsa, amma da zarar ya natsu shi ke nan. In ya kishingiɗa da rana, sai ka ga tabarma wayam tana minshari. 'Ya'yansa sun sha zama a kansa. Gwamma takan shigo da akushi ta ce, "Maigida, yi tari in san inda zan ajiye." Mutane na dariya, ita ma tana yi, amma abin na ci mata rai. Ta san fuskarsa yana faɗa, ta san ta yana dariya, ba ta taɓa ganin yadda take ba in hankalinsa ya kwanta. Da shekaru suka tura, furfura ta game kansa, sai damuwar ta koma tsoro. Tana gudun wata rana ajali ya same shi a cikin ciyawa, ya yi shirun da ba a motsawa, a neme shi a rasa, ba wanka ba kabari.

Ta sha yi masa maganar. Ta ce hare-hare sun ƙare, ƙafarsa ma ta daina bin gwanki, ya kwance abin nan ya huta. Shi kuma yakan ce, "Ke 'yar gangare, wa zan ba? Ajiye ta ba ya yiwuwa, ganuwar mutane ce." Gaskiyarsa kuwa, domin 'ya'yansa maza duk sun noƙe. Matansu sun ga abin da surukarsu ta sha, suka ce ba da su ba miji mai ɓacewa.

Ana nan, wata rana da hantsi gajimare ya rufe tudu, aka ji ihu daga wajen laka. Anaruwa ya dogara sanda ya je, ya tarar da wani baƙo da jakinsa sun nutse har ciki. Ya nuna masa inda zai taka, aka taru aka jawo su. Baƙon Bayarabe ne, sunansa Alabi, sana'arsa ɗaukar hoto, za shi wajen masu haƙar kuza ne ya ɓata hanya. Aka ba shi masauki, aka shanya kayansa, Gwamma ta cika shi da tuwon acca. Da ya warware sai ya fito da samfurin aikinsa, mutane suka yi cincirindo suna kallon fuskokin waɗansu bayin Allah a kan takarda, zaune tsaf, ba sa motsi kuma ba sa ɓacewa. Gwamma ta riƙe ɗaya ta daɗe tana dubawa.

Alabi ya ce ba shi da abin saka alheri sai sana'arsa, zai ɗauki hoton gari duka tare da Baba Anaruwa. Aka yi wanka, aka sha kwalli, aka jeru a gaban idon ruwa, aka kifa turmi a tsakiya Anaruwa ya hau. Alabi ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya fito ya ce, "Jama'a, kada kowa ya motsa, ko ƙifta ido!" Ka ji inda aka yi kuskure. Faɗa wa maharbi kada ya motsa ai tuna masa sana'arsa ne. Mutanen gari sun san abin da zai faru, amma sun ɗauka idon akwati ya fi na mutum kaifi. Alabi ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke gilashin da hoton ke fitowa a kansa, ya fito yana salati. Ga kowa nan ras, har da akuyar da ta kutso, amma turmi babu kowa a kansa.

Da aka yi masa bayani ya ce to Baba ya riƙa kaɗa kai a hankali. Aka sake. Wannan karon Anaruwa ya fito, sai dai daga wuya zuwa sama kamar hayaƙin murhu. Gari ya ɗauki shewa, shi kansa ya yi dariya har da hawaye. Gwamma ce kaɗai ba ta yi ba. Alabi ya duba kayansa ya ce gilashi ɗaya ya rage, sauran laka ta lalata, gobe kuma zai kama hanya.

Dattawa suka hau shawara, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, kowa na kauce wa kallon damtsen tsoho. Sai Gwamma ta ratsa su ta tsaya a gaban mijinta, ta miƙa hannu.

Ta ce, "Kwance ka ɗaura mini."

Ya ce, "Kin san ba a mayarwa?"

Ta ce, "Na sani."

Ya ce, "Kin san kuma ba za ki fito a hoton ba?"

Ta ce, "Maigida, tawa fuskar ka kalla har ka gaji. Taka nake so. Ni da ba na zama wuri ɗaya, yaushe layar nan za ta samu ta ɓoye ni?"

Aka fashe da dariya, domin kowa ya san tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin Gwamma zaune hannu rabbana ba. Anaruwa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa haƙori ya tsinke igiyar da ta yi shekara da shekaru a jikinsa, ya ɗaura mata da hannunsa. Za ta koma gefe ya riƙo ta ya ce, "Ko ba za ki fito ba, a nan za ki tsaya." Ya ture turmin, ya miƙe, ya dafa kafaɗarta. Alabi ya ce kada a motsa, Gwamma ta daure ta tsaya cik.

Na ga hoton nan da idona ba sau ɗaya ba, yana rataye a zauren mai gari, ya yi jaja-jaja don tsufa. Jama'a na jere, a tsakiyarsu ga wani dogon tsoho mai faffaɗan goshi, idanunsa a kwance, bakinsa kamar yana danne murmushi. Hannunsa na dama yana dafe da iska, a gefensa akwai gurbi daidai tsayuwar mutum ɗaya, ana hango dutsen idon ruwa ta ciki. Mutanen gangare, da ba su da aiki sai musu, suna cewa wai gilashin ne ya samu tabo. Mukan ce musu su nuna mana tabon da ake dafawa.

Waɗanda suka ga ranar sun ce da Gwamma ta karɓi takardar hoton sai ta shafa ta da bakin zanenta ta miƙa a riƙe mata. Bayan azahar Anaruwa ya kishingiɗa a jikin bango inda rana ke bugawa, barci ya kwashe shi, ga shi nan kowa na gani, baki a ɗan buɗe. Gwamma ta bar dakanta, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Masu wucewa suka ga tsoho shi kaɗai yana barci, ga kujera a gefensa kamar ba kowa, suka rage murya suka bi ta nesa.

Ya yi shekaru bayan haka, ya rasu a ɗakinsa a gaban iyalinsa, aka yi masa wanka aka binne shi kusa da idon ruwa, kabarin na nan an kewaye shi da duwatsu. Gwamma kuwa da ta ji ƙarfinta ya fara ƙarewa, sai ta ɗaura layar a wuyan wani ɗan gwanki ta sake shi, don ganuwar gari ta zauna a kan tudu. Maharbanmu in sun dawo hannu rabbana, da shi suke fakewa.

Daga wannan hoto ne muka gaji al'adar da baƙi ke yi mana dariya a kanta. A Gidan Anaruwa ba a ɗaukar hoton taro, na biki ne ko na suna ko na 'yan makaranta, sai an bar gurbin mutum ɗaya a hannun daman babban da ke wurin. Masu hoto na birni sukan yi ta cewa a matso a cike wurin nan, yanzu ma da ake ɗauka da waya haka suke fama da mu. Ba mai matsawa. In sun dame mu, sai wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, ɗauki abinka haka. Akwai mutum a wurin."