Garin Afiniki da Ya Ƙi Shan Gas

Akwai wani tsoho mai awo a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta. Aikinsa auna wani farin gari da ake kira ziyolait, mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Yakan ɗora garin a sikeli, ya sakar masa iskar gas irin ta girki. Idan ramukan suka sha gas, nauyi ya ƙaru, sai ya rubuta.

Wata ɗaliba mai suna Afiniki ta yi shekara uku tana haɗa nata garin. In bai sha gas ba, za ta koma gida ba takardar shaida. Ita kuwa akwai gaggawa. Da damina ta auna shi da kanta, tana sakar masa gas, har sau huɗu, sikeli ko motsi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ɗauki kwalbar garin za ta zubar.

Tsohon ya tare ta ya ce, "'Yata, kin gasa shi kuwa?"

Ta ce, "Haba Baba, taɓa ka ji. A bushe yake ƙayau."

Ya ce, "A hannu ne ya bushe. Ramukan cike suke da laimar damina. Ina gas zai zauna?"

Ya sa garin a tanda kwana biyu, yana zuƙe tururin da na'ura. Da suka auna, sai ga nauyi ya ragu. Afiniki ta ce, "Wayyo, an ƙona mini shi!"

"Ruwa ne ya fita," in ji shi. Ya buɗe gas, sikeli ya dinga hawa, har ta zauna a ƙasa tana hawaye don murna.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Garin zuciyarka ce, gas ɗin kuwa Maganar Allah. Muna zuwa sujada fes-fes, ga guga ga turare, sannan mu ce wa'azi bai shige mu ba. Kai, ta ina zai shiga? Ƙullaci da damuwa sun riga sun kama wuri. Tandar ita ce tuba, tana da zafi kam, za ka ma ji kamar ka ragu. Kada ka yanke ƙauna da zuciyarka, ba ta lalace ba, a cike take kawai. Wanda ka kau da kai don kada ka gaishe shi yau a ƙofar majami'a, je ka same shi kafin ka tafi gida.