Shaidar Mati a Kan Agogon Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da agogo sai an wana shi da hannu yake tafiya, wanda mai gidan da yake raɓe da shi ya ba shi umarni, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba."

Sunansa Mati, gyaran agogo ne sana'arsa. Na ga wasu sun fara murmushi, wai me ya haɗa wa'azi da agogo. Ku bari in kai ƙarshe, sannan mai dariya ta yi dariyarta.

'Yar rumfar Mati a jingine take da katangar gidan wani attajiri, Alhaji Tanko. Alhajin ne ya ba shi wurin tun gemun Mati yana baƙi. Ba shi da komai a ciki sai tebur, da gilashin da yake maƙalawa a ido, da gwangwanaye cike da tarkacen matattun agogo.

Shi Alhaji Tanko yana da ƙane, Nomau. Suna samari suka yi faɗa, Nomau ya bar garin da agogon mahaifinsu a hannu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyarsu, Iya Delu, tana nan da rai, ido ya tafi, amma duk sallamar da ta ji sai ta ce, "Ko Nomau ne?"

Rannan sai ga wata mata ta sauko daga motar kudu, ta ce sunanta Tabawa, ita 'yar Nomau ce. Ta ce ya rasu, kuma kafin ya cika ya sa mata agogon nan a hannu ya ce, "Ki je gida, ki nuna musu wannan, za su san ki." Iya Delu ta shafa agogon, ta shafa fuskar matar, ta fashe da kuka. Alhaji kuwa ya ce sam, 'yar damfara ce. Magana ta kai gaban mai unguwa, mai unguwa ya ce a kai wa Mati agogon ya duba, ya zo gobe ya faɗi ko ya kai shekarun da ake cewa.

Shi ne Alhaji ya kawo agogon da kansa, ya ajiye a kan teburin, ya ce, "Gobe ka ce na jiya-jiya ne, irin wanda ake tallansa a tasha."

Mati ya ce, "Alhaji, ai ko buɗe shi ban yi ba."

"Ba buɗewa na ce ka yi ba. Faɗa na ce ka yi."

"Kai fa, ba ka gane na mahaifinku ba?"

Alhaji ya yi tsaki. "Na ubanmu fari ne mai zagaye. Wane agogo ne ba fari mai zagaye ba? Mati, katangar wa kake jingine da ita?"

"Taka ce, Alhaji."

"To."

A nan ne Mati ya faɗi abin da na fara gaya muku. Alhaji ya kaɗa riga ya shige gida.

Ku saurara, domin jarrabawar ba a nan take ba. Ƙin ƙaryar mai ƙarfi, da yawa cikinmu za mu iya, har mu fita muna ba da labari.

Mati ya yi bismillah, ya maƙala gilashinsa a ido. Agogo ba ya zuwa da ranar haihuwarsa a rubuce a goshi. Sai an bi gaɓoɓinsa ana tambayar kowace. Ya fara da fuska. Ta yi ja-ja kamar tsohuwar takarda, fentin nan da ke haske a kan lambobi ya koma ruwan ƙasa, ya soma zuba. Tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi tafiyar Nomau. Ya ce alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi.

Ya dubi hannayen, sai ya ga na minti siriri, na awa gajere mai kauri, ba uwarsu ɗaya ba. Ɗan kan da ake murzawa a wana shi kuwa sai ƙyalli yake, sabo ne. Ya ce ba komai, waɗannan ana canza su.

Ya sa wuƙa ya ɓalle murfin baya. Sunan da ke jikin injin daban da wanda ke kan fuskar. Kuma irin injin nan ne mai kariyar faɗuwa, wanda bai fara shigowa kasuwa ba sai bayan Mati ya yi aure, Nomau ya daɗe da tafiya. Ya ajiye wuƙar. Ashe Alhaji ne da gaskiya?

Sai ya juya murfin. Masu gyara suna da wata al'ada: duk wanda ya taɓa agogo yakan sa allura ya zana alamarsa a cikin murfin, don in an dawo da shi ya gane aikinsa. Alamomi na nan birjik, na mutanen da bai sani ba. Can a gefe sai ga wata mai kama da ƙafar kaza. Ya matso da murfin kusa da gilashinsa. Alamar Malam Ilu ce, wanda ya koya masa sana'a, mutumin da bai taɓa barin garin ba, kuma ya rasu tun kafin Nomau ya tafi. Ashe Tabawa ce da gaskiya!

Har ya miƙe zai rufe rumfa, sai ya tuna wani abu, ya koma ya zauna. A sana'arsu ba a yar da mataccen agogo. A cire na wannan a sa wa wancan, murfin wani ya rufe cikin wani. Bayan rasuwar Malam Ilu, shi Mati da hannunsa ya ba wani falke mai zuwa kudu gwangwanayen tarkacen malamin, kuma akwai murafu a ciki masu wannan alama. To murfin nan, a hannun Nomau ya tafi kudu, ko a cikin gwangwani? Ya mayar da shi, ya ji ya ɗan yi tauri kafin ya zauna. Ko don ba nasa ba ne? Ko tsufa ne ya lanƙwasa shi? Ya rufe ido ya nemo mahaifin su Alhaji a ransa. Yana ganin tsohon, yana ganin hannunsa, agogon ne ya ƙi fitowa.

Bayan la'asar sai ga Tabawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, me ka gani?"

Ya gaya mata duka, bai rage ba.

Ta ce, "To ai shi ke nan! Alamar malaminka tana ciki."

"Murfi ne ya taɓa shigowa garin nan, 'yar nan. Murfi."

"Babana ya sha kai shi gyara. Har injin an taɓa canzawa, ina yarinya, a gabana."

"Zai yiwu."

"To ka faɗi haka mana!"

"Ke kika gani. Ni ban gani ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Baba, ba ni da uwa, ba ni da uba. Kalma ɗaya za ka faɗa in samu dangi. Kai ma ka san ba ƙarya nake ba."

Iyayena mata, ga jarrabawar. Wallahi zuciyarsa ta ba shi gaskiya take faɗa. Yana kallon goshinta yana ganin kamar na Iya Delu, ya sake kallo ya ga kamar ba shi ba. Amma ba zuciyarsa aka aiko a tambaya ba. Agogo aka kawo masa, don an ɗauka ya san agogo. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Abin da na gani zan faɗa."

Kashegari zauren mai unguwa ya cika. Mati ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera agogon da murfinsa.

Mai unguwa ya ce, "Mati, tsoho ne ko sabo?"

"Ranka ya daɗe, fuskar tsohuwa ce. Injin bai kai ta ba. Murfin ya bi ta hannun Malam Ilu, amma ban san da wa ya yi tafiya ba."

"Ni agogon nake tambayarka."

"Wanne daga ciki, ranka ya daɗe?"

Zaure ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "A kawo masa na bango, ko shi zai gane!"

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Bar kewaye-kewaye. Na Nomau ne, ko ba nasa ba ne?"

Mati ya dubi Alhaji, ya dubi Tabawa, ya dubi agogon da ke ta bugawa a kan ƙyalle. Ya ce, "Ban sani ba."

Aka tashi ba a yanke komai ba. Mai unguwa ya ce zai aika kudu a bincika. Iya Delu ta riƙe hannun Tabawa ta ce ba mai fitar da ita daga ɗakinta tana da rai. Kafin azahar Alhaji ya sa an fito da teburin Mati an ajiye a tsakiyar hanya. Tabawa ta zo wucewa, ta gan shi yana tsintar ƙananan kusoshi a ƙasa, ta kau da kai.

Ya koma gindin wata darbejiya a bakin tasha. Rana ta doke shi, damina ta zo yana rufe kayansa da leda. Gari ya sa masa suna Mati Ban-sani-ba. Masu kawo gyara suka ragu, don kowa cewa yake, mutumin da bai san shekarun agogo ba, ina zai san ciwonsa? Abokai suka ce, "Je ka ba Alhaji haƙuri, ka ce ka sake dubawa." Ya ce, "Na sake dubawa a raina har na gaji. Abin da na gani ranar, shi nake gani."

Kada ku ɗauka ya samu kwanciyar rai. Yakan ajiye aiki ya yi tagumi, ya ce, "Ya Allah, ko marainiya na cuta?" Sai ya bi gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya, fuska, hannaye, inji, murfi, ya dawo inda ya tsaya.

Yanzu za ku tambaye ni, to 'yar Nomau ce? Aiken kudu bai dawo da komai ba. Da Iya Delu ta rasu, Tabawa ta ɗaura agogonta ta hau mota. Ni ma ban sani ba, kuma ba zan liƙa wa labarin nan murfin da ba nasa ba don ku koma gida da daɗin rai.

Ga abin da nake so mu riƙe. Shaida amana ce, kuma iyakarta inda saninka ya tsaya. Ƙarya don tsoron mai ƙarfi ƙarya ce. Ƙarya don tausayin mai rauni ita ma ƙarya ce, sai dai ta fi daɗin haɗiya. Mu nan, sau nawa aka zo bincike a kan yaron maƙwabta, muka ce mutumin kirki ne, alhali gaisuwa kawai ke haɗa mu? Sau nawa aka ce an ga wance a wuri kaza, muka ce ai dama halinta ne, alhali ba mu gani ba? Muna jin kunyar cewa ba mu sani ba, kamar tsiraici ne. Sai mu ɗauki zato mu sa masa rigar sani, a ɗaura aure a kai, ko a kashe aure a kai. Ranar da za a tsayar da mu, kowace kalma za a buɗe bayanta a duba abin da ke ciki.

Ba zan yaudare ku in ce abin kyauta ne ba. Mati ya rasa rumfarsa, ya rasa sunansa a sana'a, ya rasa gaisuwar wadda ya tausaya wa, kuma har Allah ya ɗauki ransa yana gindin darbejiyar nan ba wanda ya zo ya ce masa ya kyauta. Abin da ya biya ke nan don kada ya faɗi abin da bai sani ba. Wadda za ta tsaya inda ya tsaya, ta san abin da zai ci mata tun yanzu. Allah ya ba mu ikon tsayawa, ya tsare harsunanmu.